Tagogi Tara a Kan Tsakar Gidan Yaya

Mu na Allah ne, kuma wurinsa kowa zai koma. Yayana, wanda nake bi uwa ɗaya uba ɗaya, ya rasu a Jugu ranar wata Talata da safe. Shekarunsa sun kusa tamanin, ba mu san daidai ba don ba a rubuta ba. Magini ne tun yana saurayi har ƙafafunsa suka hana shi hawa tsani. Ina Paraku aka kira ni a waya, kafin in iso an gama masa wanka, da la'asar muka kai shi makwancinsa.

Kwana uku muka yi muna karɓar gaisuwa a ƙofar gida, kuma a nan na gane ban san yawan mutanensa ba. Wani Bafulatani ya zo daga wajen Pelebina da ƙwaryar nono, ya ce Yaya ne ya gina masa ɗakin bulo na farko a rugarsu, amma sai da ya yini biyu yana kallon inda shanu ke bi safe da yamma kafin ya yarda ya ja igiyar tushe. Maginan da suka koyi aiki a hannunsa, yanzu duk da furfura, suka zauna gefe guda suna kwaikwayon muryarsa, har dariya ta ƙwace musu, sai da Liman ya yi gyaran murya. Wata tsohuwa da ba ta jin wani yare sai Yom ta tsaya a bakin zaure ta ƙi wucewa wurin mata sai an fassara mini maganarta. Ta ce a unguwarsu ya yi aiki wata biyu a saman rufi, kuma ko sau ɗaya ba ta jawo zane da gaggawa saboda shi ba.

Abin da na lura da shi kuma shi ne, duk wanda ya gama yi mini gaisuwa, in ya miƙe yana neman takalmansa, sai ya ɗaga kai sama. Wani tsohon abokin mahaifinmu ya riƙe hannuna ya ce Allah ya ba ni haƙuri, ni na fi kowa rashi. Shi ma ya ɗaga kai, ya daɗe, sannan ya tafi.

Abin da suke kallo benena ne. Hawa huɗu, manne da katangar gidan Yaya, shi kaɗai ne mai wannan tsawo a duk unguwar, ya ɗara hasumiyar masallacinmu. Tagoginsa tara suna kallon tsakar gidan Yaya kai tsaye. A ƙarƙashin waɗannan tagogi matarsa ta fara takaba, kuma a daidai lokacin ɗana na biyu yana jiran in ba shi amsa a kan ƙarin hawa biyu. Babbar 'yar Yaya ce ta ce in rubuta wani abu a kansa don jikoki. Karatuna allo ne da lakkwal, wato boko, aji huɗu, amma na ce zan yi, da sharaɗin ba zan cire kaina daga ciki ba.

Gidanmu gidan fatake ne, kakanninmu goro ya kawo su Jugu suka zauna. Da Yaya ya ce shi gini yake so, mahaifinmu ya yi wata guda ba ya amsa masa gaisuwa da kyau. Daga baya ya haƙura, har ya riƙa nuna wa baƙi zauren da Yaya ya gyara masa.

Yana da wata doguwar gora wadda yake ɗaura wa jan tsumma a kai. In aka ba shi aiki, kafin a haƙa tushe, sai ya kafa gorar a filin daidai tsawon da ginin zai kai. Daga nan ya bi maƙwabta gida-gida, ya yi sallama, ya nemi izinin mai gida, ya shiga ya tsuguna a madafa, ya tsaya a bakin makewayi, ya duba ko ana hango jan tsumman. In ana hangowa, to ta wannan ɓangaren ba za a buɗe taga ba, ko kuma a yi ta ƙarama can sama da kan mutum, iska ta shiga ido kada ya fita. Masu aiki da yawa sun yi fushi da wannan jinkiri. Wani ɗan kasuwa ya taɓa ce masa shi gini ya ɗauke shi yi, ba ziyarar dangi ba. Yaya ya ce masa ai shi mai gida a ciki zai zauna, ba zai riƙa ganin ginin ba, mutanen waje ne za su tashi da shi su kwana da shi, don haka su ma a ji ta bakinsu.

Kuma ba ya taka tsani sai ya yi kira. Zai tsaya a gindin katanga ya ɗaga murya: "Maza za su hau, a kimtsa." Ya faɗa da Hausa, ya faɗa da Dendi, ya faɗa da Yom, in unguwar ma'aikata ce ya ƙara da Faransancinsa mai karkata. Sannan ya jira kamar tsawon alwala, kana ya hau. Wannan kiran ne maginan suke kwaikwayo a wurin makoki. In yana sama, bayansa yake juya wa gidan maƙwabci, ko da hakan zai sa ya ɗora bulo da hannun hagu. Lebura in ya leƙa gidan mutane sau ɗaya, a yi masa faɗa. Na biyu, ya sauka ya koma kwaɓa siminti a ƙasa har a gama aikin.

Kada jikoki su ɗauka yana ƙin dogon gini. Ya yi aiki a benaye a Paraku, a bakin babban titi da wajen kasuwa, yana kuma alfahari da su. In mun wuce a mota sai ya nuna mini ya ce wancan matakalarsa shi ya zuba ta. A ganinsa bene a bakin titi, cikin 'yan'uwansa benaye, daidai ne. Abin da ba ya so shi ne a dasa shi a tsakiyar gidajen da rayuwarsu duk a tsakar gida take, inda ake girki da wanki da kitso da shayar da jariri a fili. Yakan ce irin wannan ginin kamar baƙo ne da aka shimfiɗa wa tabarma ya ƙi zama, ya tsaya a kan mutane suna cin abinci.

Ni kuma harkar mota na shiga. Na fara da bin kamyo, babbar motar kaya, na zama direba, daga baya Allah ya buɗa mini na mallaki nawa, ina ɗaukar kaya daga Paraku zuwa Nijar. Na yi gida a unguwar Ladjifarani a Paraku, na je Makka. Da mahaifinmu ya rasu aka raba gida, Yaya ya tsaya a tsohon sashen da yake ciki da iyalinsa, ni na sami ɓangaren bakin hanya. A lokacin ina yawan zuwa Kwatano, kuma akwai wani bene a can da nakan tsaya in kalla duk lokacin da na wuce. Na sa a raina sai na kai irinsa garinmu. Gaskiyar magana ba ɗakuna nake buƙata ba. So nake duk wanda ya shigo Jugu ta hanyar Paraku ya hango shi ya tambaya na wane ne.

Wani mai zanen gini a Paraku ya zana mini. Bai taɓa zuwa filin ba, tsawo da faɗi kawai na ba shi. Na kai wa Yaya takardar a zaurensa, ina zaton zai yi murna ƙanensa ya kawo masa aikin da ya fi kowane girma. Ya duba ya juya ta, ya tambaye ni wane ɓangare ne hanya, na nuna masa. Ya ƙirga tagogin ɗaya ɓangaren da yatsa. Ya tashi ya ɗauko gorarsa, ya ari wata ya ɗaura a kai, ya kafa su a filina. Gora biyu ba su kai hawa na huɗu ba. Ya ce in zo mu shiga ciki in gani da idona. Na ce ba sai na shiga ba, ai na san gidan, a ciki aka haife ni.

Ya ce in yi hawa biyu, tagogi su kalli hanya, shi zai gina mini da hannunsa, ya yi mini abin da za a daɗe ana yabawa. In kuwa hawa huɗun nake so, in kai shi bakin babban titi, zai taya ni neman fili. Ya ƙara wasu maganganu da ban saurara ba, don zuciyata ta riga ta hau. A gaban mutane uku da ke zaune a zauren na ce masa:

"Yaya, kai ka saba gina akurkin kaji, shi ya sa in ka ga abu ya yi sama kanka ke juyawa. Ko dai don na ƙanenka ne?"

Ya dube ni, ya naɗe takardar ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce, "Filinka ne, Alhaji." Bai taɓa kirana Alhaji ba kafin ranar, da sunan gida yake kirana. Daga ranar kuma bai sake kirana da wani suna ba sai Alhaji.

Na kawo magina daga kudu. Aikinsu suka sani, ba su san kira ba, ni kuma ban gaya musu ba. Ranar da suka zuba dal na farko, wato rufin siminti, suka hau, matan gidan Yaya suka watse ɗaki da tukunya a kan wuta. Kafin mako ya zagayo Yaya ya rufa wa makewayinsu kwano, ya kafa rumfar zana a kan madafa. 'Ya'yansa mata huɗu a haka suka girma, ba sa fitowa tsakar gidan ubansu sai da mayafi. Na zuba 'yan haya, ma'aikata da ɗalibai, mutanen kirki akasarinsu, amma mutum in yana da taga zai leƙa.

Matar Yaya abokiyar wasata ce, kamar yadda aka saba tsakanin mace da ƙanen miji. Tun tana amarya take tsokanata, ta ce ni ne mijin ajiya, in na zo ta ɓoye mini nama a ƙasan tuwo ta ce babu. Bayan ginin ta daina. In na shigo gaisuwa sai ta ce, "Mai-bene, an sauko?" Na ɗauka wasan ne ya canza salo, har ina dariya. Na yi shekaru kafin in lura ita ba ta dariya in ta faɗa.

Ba a yi gaba ba, kada a ce an yi. Muna gaisawa, muna haɗuwa a suna da biki, ya aurar mini da 'ya'ya biyu a matsayin uba. Maganar benen ce dai bai sake tayarwa ba, ni ma ban tayar ba.

Damina ta uku bangon hawa na biyu ya tsage, tsagar da hannun mutum ke shiga. Maginan kudu sun daɗe da tafiya, 'yan haya suka fara kwashe kaya. Kunya ta hana ni zuwa wurin Yaya, na tafi Paraku neman wani. Kafin in dawo na tarar da shi a gindin bangon da mutanensa, sun tokare wurin da itatuwa. Ba wanda ya kira shi. Ya gaya mini ruwan rufi ne ke sauka a gindin tushe yana cin ƙasa, kuma in bangon ya faɗi a kan ɗakin 'ya'yansa zai faɗi, don haka kada in yi masa godiya. Sati uku ya yi a kai. Kullum da safe kafin ya hau sai ya tsaya ya yi kiransa, alhali gidan da za a hango nasa ne, matan da za su kimtsa nasa ne. Wata rana na hau na same shi yana aiki a ɗakin da tagarsa ta fi kowace kallon tsakar gidansa. Ya rataya buhun siminti a kan tagar. Na tsaya a bayansa ina so in ce wani abu, sai na tambaye shi ko yashi ya isa. Ya ce ya isa.

Ɗana na biyu karatun zanen gini ya yi a Kwatano, kuma Yaya yana ji da shi, yana kiransa abokin sana'a. Bara ya zo da hoto a waya, ya nuna yadda benen zai koma in an ɗora hawa biyu a kan rodin da muka bari a sama, aka lulluɓe gabansa da gilashi. Ya kai wa Yaya ya gani. Yaya ya sa tabarau ya daɗe yana kallo, ya ce abin ya yi kyau ƙwarai, hannun yaron nan ya faɗa. Sannan ya tambaya ina gidansa a hoton, don dama da hagu ba komai sai sarari da itatuwa. Ɗana ya ce ai na'ura ce ke sa itatuwan don hoto ya yi kyau. Yaya ya ce, "To madalla, ashe ni ne wannan mangwaron." Aka yi dariya, maganar ta tsaya a nan.

Bayan addu'ar bakwai ɗana ya sake tayar da ita. Ba rashin kunya ya yi ba, kuma hujjojinsa ba na banza ba ne. Ya ce gari yana cika, fili yana ƙarewa, in ba a yi sama ba gonaki za a ci. Ya ce kowane dogon gini a Paraku akwai ranar da shi kaɗai ne a layinsa, da an ce sai ya yi daidai da na kusa da shi da har yau ba a wuce soro ba. Ya ce nan da wasu shekaru unguwar duk za ta tashi, mu dai mun riga ne. Na ce masa shekara ashirin da 'yan kai ke nan ina jiran unguwar ta taso ta same ni, ba ta taso ba, kuma duk tsawon jiran nan a kan mutane nake tsaye. In yana son hawa shida, ga filina na Kpebie a Paraku, a bakin titi, ya je ya yi goma. Ya ce juyayi ne ke magana, in bari a yi arba'in. Na ce na riga na bari an yi shekara ashirin.

Na kira biyu daga cikin tsofaffin maginan Yaya. Suka yanke rodin sama, suka toshe tagogi taran nan da bulo, suka bar 'yan ƙananan kafofi can kusa da rufi. Kafin su hau, babbansu ya tsaya a gindin katanga ya yi kiran. 'Yan haya uku suka tashi, sun ce ɗakunan sun yi duhu da zafi, kuma gaskiyarsu ne. Ɗana ya koma Kwatano ba mu yi sallama mai daɗi ba.

Da aka gama na aika wa matar Yaya cewa ina so in shigo in gaishe ta. A raina ina jiran ta ce Allah ya yi albarka. Ta aiko babbar 'yarta ta ce in zo, amma da safe, bayan rana ta fito.

Na je wajen ƙarfe takwas. An shimfiɗa mini tabarma a tsakiyar tsakar gida, ita tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta da carbi, 'yarta a gefe. Aka kawo mini koko da ƙosai. Muka gaisa, na yi mata ya haƙuri. Na ce ta ga an rufe tagogin. Ta ce ta gani, an gode, yanzu jikoki mata za su sake.

A waje na baro rana ta haska ko'ina, har na cire hula a mota saboda zufa. A nan kuwa ƙasa da sanyi, gindin katanga ya yi kore, wankin jiya yana kan igiya bai bushe ba. Na ɗaga kai. Benena yana gabas da gidan. Shekara ashirin ina shigowa gidan nan, amma kullum da yamma, in na iso daga Paraku. Na tambayi 'yar yaushe rana ke shigowa. Ta ce sai wajen sha ɗaya.

Matar Yaya ta ce, "Da ƙafafun yayanka suka fara ciwo, likita ya ce ya riƙa shan hantsi. Shekara shida kullum sai an fitar masa da kujera bakin titi. Mutane suna cewa tsoho mai son jama'a."

Ni ma haka nake cewa. Na sha wucewa in gan shi a can in ɗaga masa hannu.

Na ce don me bai gaya mini ba. Ta ce ya gaya mini, ranar gora biyu, a zaure, tana jin mu daga ciki. Na tambaye ta yanzu me take so in yi. Ta ce ba ta san abin da ake yi wa inuwa ba, wannan sai magina, kuma wanda ya sani ya tafi.

"Sha kokonka, Mai-bene," ta ce. "A nan abu ba ya daɗewa da zafi."

Na shanye. Na zauna a wurin har rana ta taɓo bakin tabarmar, sannan na yi sallama na fita.

Allah ya jiƙan Yaya, ya yafe masa kurakuransa, ya ba matarsa da 'ya'yansa haƙuri. Allah ya ba shi haske a inda yake kwance, irin wanda babu ƙanen da zai iya tare masa. Wanda ya karanta wannan ya yi masa addu'a, in da saura ya sa ni a ciki.